Shin mai gidan abinci yana da hurumin hana ni shayar da ɗana?

Tambaya: Lauya, ɗana watansa uku da haihuwa. Makon jiya na shiga wani gidan abinci, yaro ya fara kuka, sai na ɗora shi a nono a nan inda nake zaune. Ban jima ba wani ma'aikaci ya zo ya ranƙwafo ya ce wai wasu sun yi ƙorafi, ko dai in lulluɓe shi ko in koma banɗaki in ƙarasa. Kunya ta kama ni, na tattara kayana na fita, abincin ma ban gama ci ba. Tun ranar abin yake ci mini rai. Laifi na yi ne? Shi kuma doka ta ba shi hurumin yi mini haka?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaro. Tambaya biyu kika haɗa wuri guda, kuma ta farkon ba ta da wuya. Ba ki yi laifi ba. A duk ƙasashen da zan ambata a nan, babu inda shayar da jariri a bainar jama'a yake laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne tambaya ta biyu, domin akwai tazara mai nisa tsakanin a ce doka ba ta hana ki ba, da a ce doka ta hana wani ya hana ki. Mata da yawa sukan ji an ce "ai doka ta yarda", su ɗauka magana ta ƙare, sai ranar da aka tashe su daga kujera su tarar babu wanda za su kai wa kuka. Tunda ba ki faɗi ƙasar da kike ba, bari in nuna miki yadda dokokin suka kasu, ke kuma ki duba wace iri ce ta inda kike zaune.

Abin da za ki fara ganewa shi ne, gidan abinci ko kanti ko otal wurin jama'a ne a ido, amma a doka mallakar wani ne. Mai wuri yana da ikon kafa ƙa'idojinsa, yana kuma da ikon cewa wani ya fita, sai fa idan wata doka ta zo ta ɗaure masa hannu. A Jamus, alal misali, babu wata doka ta musamman da aka yi don kare mai shayarwa a wuraren kasuwanci, shi ya sa masu wurare kan jingina da wannan iko nasu na mai gida. Saboda haka duk lokacin da aka nuna miki wata doka aka ce ta kare ki, tambaya ɗaya za ki yi mata: idan wani ya hana ni, me zai same shi?

Tarihin Amurka ya fi nuna wannan a fili, don mataki-mataki aka yi abin. Jihohinsu suna da tsoffin dokoki na hana bayyana tsiraici a gaban mutane, kuma wasu daga cikinsu sun sa nonon mace a cikin abin da ake nufi. A 1984 jihar New York ta cire shayarwa daga cikin wannan laifi. Ci gaba ne, amma ki lura da wanda aka ɗaure wa hannu: ɗan sanda da mai gabatar da ƙara. Mai shago ko a jikinsa. A 1993 Florida ta ƙara gaba, ta ce uwa tana iya shayarwa a kowane wuri, na gwamnati ko na mai zaman kansa, matuƙar dama tana da izinin kasancewa a wurin. A 1994 New York ta shigar da irin wannan cikin dokokinta na 'yancin ɗan ƙasa. A 1999 majalisar tarayya ta tabbatar da shi a kan gine-gine da filayen gwamnatin tarayya. Sai a 2018, da jihohin Utah da Idaho suka yi nasu, aka iya cewa duk jihohi 50 sun halatta.

To amma da sauran rina a kaba. Da yawa daga cikin waɗannan dokoki na jihohi jimla ɗaya ce ko biyu: uwa tana da 'yancin shayarwa, shi ke nan. Ba a faɗi tara ba, ba a faɗi hukumar da za a kai wa ƙorafi ba, ba a ba uwar damar neman diyya ba. Kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yakushi. Amfaninta bai wuce ki nuna wa manaja a waya ya ji kunya ba, wanda wani lokaci yakan isa, na yarda. Jihohin da suka yi abin kirki su ne waɗanda suka ɗaura shayarwa a jikin dokar hana nuna bambanci a wuraren hulɗar jama'a, don a nan akwai hukuma, akwai bincike, akwai diyya. Vermont tana cikinsu, shi ya sa a 2006, da aka sauke Emily Gillette daga jirgin sama a Burlington saboda ta ƙi karɓar bargon da ma'aikaciyar jirgi ta miƙa mata ta rufe 'yarta, ta sami hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar da za ta kai wa ƙara. Bayan haka ne iyaye mata suka taru a filayen jiragen sama daban-daban suka zauna suna shayarwa don nuna rashin amincewa.

Idan kina son ganin dokar da ta yi magana ba tare da kwana-kwana ba, ki duba ta Sikotland ta 2005, wadda 'yar majalisa Elaine Smith ta gabatar. Ita ba ta tsaya ba uwa izini ba, wanda ya hana ta kama. Duk wanda da gangan ya hana ko ya tsayar da mai ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu madara a wurin jama'a ya aikata laifi, kuma tarar tana iya kaiwa fam 2,500. Abu biyu suke burge ni a cikinta. Na farko, madara ta ce, ko daga nono ko daga kwalba, don haka uba ko kaka mai riƙe da bulumboti ma ta rufe su. Na biyu, abin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa ana ɗora shi a kan wanda ya ɗauke shi aiki, sai mai wuri ya kasa fakewa da cewa yaron sabo ne, bai san ƙa'ida ba. Taiwan ta bi irin wannan hanya a 2010 da dokar da ta sa tara a kan wanda ya hana ko ya kori mai shayarwa, haka ma birnin Sao Paulo na Burazil a 2015.

Ingila da Wales sun bi ta wata ƙofar. Dokar Daidaito ta 2010 ta ɗauki muzguna wa mace don tana shayarwa a matsayin nuna bambanci. A cikin makonni 26 na farko bayan haihuwa ana lissafa shi a bambanci saboda haihuwa, kuma a nan ba sai kin kwatanta kanki da kowa ba, ya isa ki nuna an yi miki abin da bai dace ba saboda shayarwar. Bayan makonni 26 kariyar ba ta faɗi ba, tana komawa ƙarƙashin bambancin jinsi, kuma dokar ba ta yanke shekarun yaro ba. Ɗanki mai wata uku da a can kuke, yana tsakiyar kariya mafi ƙarfi. Ƙin sayar miki da abinci, ce miki ki daina, ce miki ki fita, ko mayar da ke wani lungu, duk suna ciki. Sai dai wannan ƙara ce ta tsakanin mutum da mutum. 'Yan sanda ba za su zo ba. Ke za ki tashi ki shigar da ƙara a kotu, kuma wa'adin wata shida ne daga ranar da abin ya faru. Mace mai ɗan wata uku, ba barci ba hutu, a ce ita za ta ɗauki lauya ta yi shari'a da kamfani saboda minti biyar na wulaƙanci? Kaɗan ne ke yi. Shi ya sa mafi yawan irin waɗannan rigingimu a wasiƙar ban haƙuri suke ƙarewa, ko a shafukan jaridu, kamar yadda aka yi a 2014 lokacin da otal ɗin Claridge's na Landan ya nemi Louise Burns ta rufe 'yarta da ƙyallen teburi, mata suka yi dafifi a ƙofar otal ɗin suna shayarwa cikin sanyin Disamba.

Ostiraliya ma hanyar hana bambanci ta bi: a 2011 ta gyara dokarta ta 1984 ta ambaci shayarwa da sunanta. Wani abin dariya a can shi ne, majalisar da ke yin dokoki ita ma ta taɓa faɗawa tarkon. A 2003 aka fitar da 'yar majalisar jihar Victoria, Kirstie Marshall, daga zaure tana shayar da 'yarta mai kwana 11, wai ƙa'ida ta hana baƙo shiga zauren majalisa, jinjirar kuwa ba zaɓaɓɓiya ba ce. Sai a 2017 Sanata Larissa Waters ta shayar da tata 'yar a zauren majalisar dattawan tarayya ba tare da kowa ya ɗaga kai ba.

Yanzu bari mu koma ga zaɓi biyu da ma'aikacin nan ya ba ki, don a kansu aka fi ruɗa mutane.

Lulluɓi tukuna. Mutane da yawa suna ganin ai ba hana ta aka yi ba, cewa kawai aka yi ta rufe, mene ne abin tashin hankali? Wanda bai taɓa shayarwa ba ne ke faɗin haka cikin sauƙi. Jariri sabon haihuwa sai uwa tana kallon bakinsa take sanin ya kama nono da kyau, in ba haka ba kan nono ya tsage, shi kuma ya sha iska. Da ya kai wata huɗu ko biyar kuwa, hannu yake sawa ya fizge duk abin da aka ɗora masa a ka, ya saki nono ya waiwayo yana neman wanda ya kashe masa fitila, sai abin da ake son ɓoyewa ya fi fitowa fili. Masu rubuta dokokin Florida da New York sun san da wannan, shi ya sa suka rubuta ƙarara cewa 'yancin yana nan ko kan nono a rufe yake ko a buɗe. Wasu jihohin kuma suka cusa kalmomi irin su "cikin kamun kai" a tasu dokar, kuma ni a ganina wannan ɓaraka ce, don ta mayar da mai gadi alƙalin da zai auna kamun kan. Matar da ta fi jin daɗin rufewa ta rufe, ra'ayinta ne, kuma mata da yawa haka suka fi so. Abin da doka mai kyau take hanawa shi ne a mayar da rufewar sharaɗin zama a kujera.

Banɗaki kuwa, ban taɓa ganin dokar da ta ɗauke shi wurin ciyar da ɗan Adam ba. Hasali ma dokar Amurka ta 2010 da ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su ba mai shayarwa lokaci da keɓaɓɓen wurin tatsar nono har tsawon shekara ɗaya, ta faɗa da baki cewa wurin kada ya zama banɗaki, kuma a ƙarshen 2022 aka faɗaɗa ta ta rufe ƙarin ma'aikata. Idan doka ta ƙi yarda a tatsi nono a wurin, ina ga a shayar.

Akwai wata dabara da ta fi wannan wayo, wadda take ƙaruwa yanzu da aka fara gina ɗakunan shayarwa. Filifin ta wajabta su a wuraren aiki da manyan wuraren jama'a da dokar da aka sa wa hannu a 2010, Amurka kuma ta wajabta su a manya da matsakaitan filayen jirgin sama a 2018. Abu ne mai kyau, musamman ga mai tatsa da inji, wadda take buƙatar wutar lantarki da wurin wanke kaya. Amma sai ka ga mai gadi ya mayar da ɗakin hujja: tunda ga ɗaki can a hawa na uku, me ya sa za ki zauna a nan? Inda doka ta ba ki 'yancin shayarwa a duk inda kike da izinin zama, samuwar ɗaki ba ta rage wannan 'yanci ba. Yana iya sanar da ke akwai shi, ke kuma ki ce na gode, nan ma ya ishe ni.

Maganar "wasu sun yi ƙorafi" ita ma ba hujja ba ce a ƙarƙashin dokokin hana bambanci. Da abokin ciniki zai ce ba ya son zama kusa da mai keken guragu, babu manajan da zai tashi mai keken. Wanda ya ji ba daɗi shi ake sauya wa teburi.

Kada in bar ki da tunanin kariyar ba ta da iyaka. Kusan duk dokokin nan suna da sharaɗi guda: ke da yaron ku kasance kuna da izinin shiga wurin tun farko. Inda aka hana yara shiga gaba ɗaya, shayarwa ba za ta buɗe ƙofa ba. Inda akwai haɗari na gaske, kamar kusa da sinadarai masu guba ko ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, ana iya hana ki, amma haɗarin ya zama na gaske, ba wanda aka ƙirƙira bayan an ga nono ba. Gidan mutum na kansa ma dokokin ba su shiga ba. Wuraren ibada kuma ya danganta da ƙasa, don wasu dokokin sun ba su sassauci.

Wani abu da ya taso daga baya shi ne ɗaukar hoto. Wata uwa mai suna Julia Cooper tana shayarwa a wani wurin shaƙatawa kusa da Manchester, wani mutum ya saita kyamara ya ɗauke ta, ta kai ƙara wurin 'yan sanda suka ce babu dokar da ya karya. Fafutukar da ta biyo baya, tare da 'yan majalisa irin su Stella Creasy, ita ta kai ga dokar 2022 a Ingila da Wales, wadda ta mayar da ɗaukar hoton mai shayarwa ba da yardarta ba, don sha'awa ko don tozarta ta, laifin da zai iya kai mutum gidan yari har shekara biyu.

Za ki ji wasu suna cewa ai dokokin ƙasa da ƙasa sun kare ki. Ki ɗauki wannan da hankali. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci shayarwa a sashe na 24, amma a kan wayar da kan iyaye game da amfaninta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1919 ta tanadi hutun shayarwa na rabin awa sau biyu a rana, ta kuma sabunta batun a yarjejeniyarta ta 2000, amma wannan na wurin aiki ne. Babu ɗayansu da za ki ɗauka ki kai mai gidan abinci kotu. Amfaninsu yana wajen matsa wa majalisa ta yi doka. Hujjar kuwa a bayyane take: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata shida, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Sabon jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, ba ya kuma duba agogo. Nonon da aka bari ya cika ba a shayar ba yakan sanƙare ya yi zafi, wani lokaci ya kai ga kumburi da zazzaɓi, kuma yawan tsallake shayarwa yana rage ruwan nonon kansa. Gwamnatin da ta ce wa mace ta shayar wata shida, sannan ta bar kowa ya kore ta daga inda ta zauna, kulle ta yi mata a gida ba tare da ta faɗa ba.

Idan abin ya sake faruwa, kada ki cire yaro daga nono don ki yi gardama, kukansa zai ƙara musu ƙarfin gwiwa ne kawai. Ki ce cikin natsuwa, "Ɗana nake ciyarwa, in ya ƙoshi zan saurare ka." Ki nemi manaja, ki tambaye shi kai tsaye ko wannan ƙa'idar wurin ce ko ra'ayin ma'aikacin. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa. In sun dage sai kin fita, ki fita, kada ki bari a juya zancen ya koma kin ƙi barin wurin mutane, musamman a cikin jirgin sama inda saɓa wa umarnin ma'aikata yake da nasa hukuncin. Amma kafin ki kwanta a daren, ki rubuta komai: rana, lokaci, sunan ma'aikacin ko kamanninsa, ainihin kalmomin da ya faɗa, da wanda ya ji. Ki ajiye rasit. Kalmomin sun fi komai muhimmanci, domin idan aka je gaban hukuma, abin da wurin zai ce shi ne ba saboda shayarwa ba ne, keken yaron ne ya tare hanya. Shi naki ma'aikacin ya riga ya yi miki rabin aiki da ya ambaci lulluɓi da banɗaki.

Game da na makon jiya, lokaci bai ƙure ba. Ki rubuta wa masu wurin wasiƙa gajera, ki faɗi abin da ya faru da abin da kike nema, ko ban haƙuri ne a rubuce, ko a horar da ma'aikata. Ki tuntuɓi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ko ta daidaito ta inda kike, yawancinsu ba sa karɓar kuɗi kafin su saurari ƙorafi, ki tambaye su wace doka ce ta shafe ki da kuma wa'adinta. Ina nanata wa'adin ne saboda wata da ta taɓa zuwa ofishina. A wani zauren jira mai gadi ya nuna mata ƙofar banɗaki, ta shiga ta shayar a tsaye, jaka rataye a wuya, bayanta jingine da ƙofa don sakatar ta lalace, duk lokacin da injin busar da hannu ya tashi sai yaron ya firgita ya saki nono. Tana da shaida biyu, tana da sunan mai gadin, har tikitin layinta na ranar ta ajiye. Sai dai ta jira sai da ta ji ƙarfin yin maganar, wata takwas bayan faruwar abin, wa'adin shigar da ƙara kuwa ya wuce da wata biyu. Wasiƙa kawai na iya rubuta mata.